Jemagen Kazaure Ya Je Neman Aure

Duk faɗin Kazaure babu wanda ya san zuciyar mace kamar Malam Jalaluddeen. Shi da kansa ya tabbatar mana da haka, kuma mutum mai muƙamin mataimakin mai kula da fayil a sakatariya ai ba zai yi ƙarya ba. Bai taɓa aure ba, gaskiya ne. Amma ya yi bincike.

A wayar ƙanwarsa ya yi binciken. Nan ya gano cewa 'yan matan yanzu, daga Gwiwa har Babura, sun haukace a kan labaran soyayyar masu shan jini: wani kyakkyawan saurayi da ya shekara ɗaruruwa bai mutu ba, ba ya dariya, ba ya cin abinci, ba ya shiga rana, yarinya kuwa kamar ta mutu a kansa. Gwaninmu ya karance su tas, ya kawo mana ilimin a teburin mai shayi kyauta.

"Ku saurara, jahilai," in ji shi. "Maza a labaran nan kashi uku ne. Akwai mai kirki, mai riƙe wa yarinya jaka. Shi kafin a kai tsakiyar littafi an manta da shi. Akwai mai barkwanci, shi kuma kashe shi ake yi. Sai na uku, mai shiru da tsohon baƙin ciki, wanda in ya kalli mace sai ta rikice. Ni tun haihuwa a nan nake, yanzu ne dai na gane."

Washegari ya fito cikin baƙar jallabiya, baƙin tabarau da baƙar lema, a tsakiyar zafin bazara, gumi na bin sa har dunduniya. Ya daina amsa gaisuwa sai da ɗaga gira, girar kuma tana bayan tabarau, ba mai ganinta. Ya daina cin abinci a gaban mutane. Ɗanwaken da yake rufe ƙofar ofis ya ci a ɓoye kuwa, man da ke gemunsa ne kawai ke ba da labari. Ya raɗa wa kansa Yariman Duhu. 'Yan acaɓa suka taƙaita masa zuwa Jemage, ya karɓa a matsayin sarauta.

Duk wannan wahala saboda Sadiyya ce, 'yar Alhaji Muhammadu Lawal mai hatsi a Babura, wadda ke aiki a wani kemis a Kazaure, kuma ba ta da na biyu wajen karanta labaran nan. Kullum zai tsaya a tsallaken titi ƙarƙashin lemarsa, yana fuskantar shagon. Ranar da ya yi magana, cewa ya yi: "Ki nisance ni, Sadiyya. Abin da ke tare da ni ba ya warkewa."

"Allah ya ba da lafiya, Malam," in ji ta.

Ya dawo ya shaida mana cewa muryarta har rawa take.

Sai ya tura magabata. Alhaji kuwa, kamar kowane uba, ya sa ƙaninsa Hamma ya yi bincike. Abin da Hamma ya jiyo a gari shi ne: mutumin ba ya ci da jama'a, yana gudun rana, yana ƙura wa mutane ido, kuma bakinsa ba ya rabuwa da zancen jini. A littafi wannan yarima ne. A ƙasarmu sunansa maye. Dama tuni matan unguwarsu suka fara janye 'ya'yansu in ya ɓullo, shi kuma yana ce mana kwarjini ne.

Hamma ya hau babur har Roni, wajen gwaggon Jalaluddeen, Dela. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye.

"Maye? Jalalu? Yaron da in za a yanka ragon layya sai ya shige ɗakina ya toshe kunne? Ɗan nan, ko ƙaya ya taka ya ga jini sai an yi masa fifita."

Da wani ne, murna zai yi an wanke shi. Gwaninmu haushi ya ji, ya ce gwaggo ta ɓata masa suna.

Ranar jin amsa ya isa zauren Alhaji a Babura. Bai durƙusa ba, domin Yariman Duhu ba ya durƙusawa. Bai cire tabarau ba. Aka kawo fura, ya kau da kai.

"Alhaji," in ji shi, "ban zo roƙo ba. Ƙaddara ce ta haɗa ni da 'yarka, kuma ita ma ta san ba ta da mafita."

Alhaji ya dube shi daga lema har takalmi, ya aika cikin gida uwar yarinya ta tambayo ta.

Hamma ne ya fito da amsar, yana cije leɓe. Sadiyya ta ce a gaishe da Malam. Ta ce wallahi ba ta san sonta yake ba. Ita tana da wanda take so, Muhsin malamin firamare, mai riƙe mata jaka in ta tashi aiki. Littafi kuwa, in ta gama sai ta rufe.

"Tsayuwar da kake yi kuma," in ji Hamma, "ta ɗauka ciwon ido ne ya ƙi warkewa, kana jin kunyar shigowa ka tambaya."

Ya miƙa masa 'yar leda da kwalbar magani a ciki.

"Ta ce safe da yamma, kuma ka daina tsayawa a rana."