Ranar da Na Sa Tanko a Labari

Lokacin Sabo tana sabuwar unguwa, ni ke tafinta tsakanin fataken goro da Yarabawa. Maƙwabcina Tanko mahauci ya ishe ni da surutu, sai na rubuta labari da ajami don in kunyata shi. A ciki na sa yadda yake katse wa mutane magana da cika bakinsa, har da kirkinsa ga baƙi, don labarin ya yi rai. Na tabbata kowa zai gane shi.

Bayan la'asar na karanta a zauren maigidanmu. Tanko ya fi kowa dariya.

"Malam, ka yi jarumta," in ji shi. "Ba kowa ke iya tona wa kansa asiri haka ba."

Duk zauren aka gyaɗa kai.

Har yau in na buɗe baki, sai Tanko ya ce, "Jama'a a saurara, za a ƙara babi."