Mijin Larai da Tseren Kilomita Goma

Wani ne a nan Tudun Wada. Ba zan faɗi sunansa ba, don matarsa Larai 'yar layinmu ce, kuma tana da baki. Mutum ne mai ladabi, ladabin ma har ya yi masa yawa. In aka aike shi sayen burodi bakin titi, sai shayi ya huce an sake ɗumamawa kafin ya dawo, duk saboda gaisuwa. Ga tumbi kuma, tubarkalla, Allah ya hore masa.

Surukinsa Malam Gwadabe tsohon malamin wasanni ne, shekara talatin yana hura wa 'yan makaranta usur. To ran sunan ɗan gogan naka, sai ragon suna ya tsinke igiya. Angon ƙarni ya bi shi taku biyar, ya tsaya ya dafa bango yana haki. Malam Gwadabe ya dube shi sama da ƙasa, a gaban jama'a fa, ya ce, "Allah sarki Larai! Ran da gobara ta tashi, ita za ta goyo shi."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, irin ta yaƙe, amma wallahi maganar nan ta tsaya masa a rai.

Ana nan sai matasan unguwa suka shirya tseren kilomita goma. A tashi daga Tudun Wada, a bi ta Tudun Jukun, a leƙa Hanwa a dawo. Duk wanda ya shigo kafin awa biyu ta cika yana da lambar yabo. Wa zai rataya wa mutane lambar? Malam Gwadabe.

Gogan naka ya shigo gida yana huci, ya ce, "Larai, na ba da sunana. Sai Baba ya rataya min lambar nan a wuya da hannunsa!"

Ta ce, "Baban Auwal, kai da ko masallacin bayan gida sai ka hau acaɓa?"

Ya ce, "Ki zuba ido."

Ya je kasuwa ya sayo kambas fari fat mai igiya. Washegari ana idar da sallar asuba ya ɗaure shi, ya ce ƙafa ga hanya. Salmanu mai shayi yana cikin fifita wuta ya ɗaga kai ya hango shi a guje, tumbi na rawa. Ya ce, "Innalillahi! Baban Auwal da gudu? Ba lafiya ba!" Ya saki mafici ya rufa masa baya. Masu jiran shayi suka ga mai shayi ya arce, su ma suka bi. Kafin a kai Tudun Jukun mutum ya kusa arba'in, wani da gora, wani da bokitin ruwa, wani dattijo da buta a hannu bai ma gama alwala ba.

Gogan ya waiga ya ga unguwa guda a guje da sanduna. Ya ce lallai wani bala'i ne ya taso, ya ƙara wuta. Su kuma suka ga ya ƙara, suka ƙara. Sai da numfashi ya ƙare masa ya rungume falwaya, ya ce, "Jama'a, me ya faru?"

Salmanu ya ce, "Kai za mu tambaya! Wuta ce ko ɓarawo?"

Ya ce, "Ni motsa jiki nake yi."

"Motsa jiki? Ba abin da ya biyo ka?"

"Sai ku."

Mai bokiti ya ce shi kam ba zai koma da ruwan nan gida ba, ya juye masa a ka.

Daga ranar sai ya sa aka rubuta masa LAFIYA LAU a kwali, yana ratayawa a baya in zai fita. Wata biyu cur yana fita, kuma tsakani da Allah ya yi ƙoƙari, har wando ya fara yi masa yawa. Matsala ɗaya ce. In ya yi awa guda a waje, minti ashirin ne na gudu, arba'in na gaisuwa. Larai ta ce, "Ran tseren nan, don girman Allah ka sunkuyar da kai. Kar ka dubi kowa."

Ya ce, "Ko Liman ne ba zan gan shi ba."

Ranar ta zo. Onuora mai shagon kayan wuta, wanda shi ne alƙalin tseren, ya bi kowa yana ɗaura masa wani ɗan abin roba kamar maɓalli a igiyar takalmi. Da ya zo kan gogan ya ce, "Malam, ka ga abin nan? Shi ne kai. Akwai shimfiɗa a kan layin ƙarshe. In ya tsallaka ta, na'ura za ta yi ƙara, ka iso ke nan. In bai tsallaka ba, ko duk Zariya ta gan ka, ba ka zo ba."

Gogan ya ce ya ji. Ya ƙulle igiyar sau ɗaya, ya ƙara, ya sake ƙarawa don kar a yi asara.

Ƙarfe bakwai aka hura usur. Kilomita uku na farko kansa a ƙasa, kwalta kawai yake kallo. Sai ya ji an ce, "A'a, wa nake gani kamar Baban Auwal?" Liman ne. To ai bai gan shi ba, amma ya ji shi, kuma ba a yi yarjejeniyar kunne ba. Ya ja birki ya rusuna. Ina kwana, ina gajiya, ya jama'a, ya ƙafar da aka ce tana ciwo. Liman ya ɗora da addu'a mai tsawo, aka shafa. Minti goma sun tafi.

Ya ci gaba. A Hanwa sai ga tabarmi a ƙofar wani gida, dattawa sun yi jugum, zaman makoki ake yi. Duk 'yan tsere suka wuce ta gefe. Shi ko ƙafarsa ta ƙi. Ya ce a ransa, haba, ɗan Musulmi ya wuce makoki a guje kamar wanda ya yi kisan? Ya ratse ya tsuguna, gumi na ɗiga, ya ce a yi salati goma. Aka yi. Ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana "Ya haƙuri? Ashe haka Allah ya yi?" Sai da ya miƙe ya raɗa wa na kusa da shi, "Wai wa ya rasu?"

Yana komawa kan titi wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya jera da shi, ya ce, "Yallaɓai, hau in kai ka mana. Ko masu raba ruwa sun naɗe teburinsu."

Ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Tara saura ashirin da biyar."

Saura kilomita huɗu! Maganar goyo ta faɗo masa a rai. Jama'a, ranar na tausaya wa mutumin nan. Ya runtse ido ya zuba gudun da bai taɓa yi ba tun da uwarsa ta haife shi. Ana "Sannu Baban Auwal!" ta dama da hagu, shi ko sai ya toshe kunne da yatsu yana ihu, "Lafiya lau! Lafiya lau! Zan dawo!"

Ya shawo kwanar ƙarshe, ga rumfa, ga jama'a, ga ƙaton agogo yana nuna saura minti biyu. Larai na tsalle tana, "Taho! Taho!" Salmanu na buga murfin tukunya. Saura taku goma, saura biyar, saura uku. Ya ɗaga kai. Wa zai gani tsaye a ƙetaren layi, riƙe da lamba ɗaya tal da ta rage? Surukinsa.

Gogan ya tsaya cak. Ya durƙusa ya kama kwance takalmi.

Larai ta ɗora hannu a ka ta ce, "Na shiga uku! Me kake yi?"

Ya ce, "Ke, in tunkari Baba da takalmi a ƙafa? Ba a haife ni ba."

Ga ƙulli har uku. Da haƙori ya ƙarasa. Ya ajiye kambas gefe, ya gyara tsuguno, ya sadda kai ƙasa.

"Baba, ina kwana?"

Malam Gwadabe ya ce, "Lafiya! Taso ka tako layin!"

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya! Kai, saura daƙiƙa talatin!"

"Ya mutanen gida?"

"Suna lafiya, don ubanka taho!"

"Madalla. Ya jikin Inna? An ce ta kwana da ciwon baya."

Nan fa haƙurin tsoho ya ƙare. Ya miƙa hannu ta saman layi ya fizgo kambas ɗin, ya ɗaga zai maka masa a ka. Takalmin na tsallaka shimfiɗa na'ura ta ce ƙiiit! Agogo ya tsaya saura daƙiƙa biyu.

Onuora ya duba na'ura, ya duba gogan da ke tsugune a wancan gefen ba takalmi, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, na'ura ta ce ya iso. Ido kuma ya ce bai iso ba. Ni dai dokata ta na'ura ce."

Malam Gwadabe ya ce, "Ai shi ke nan, a ba wanda ya iso." Ya ɗaga takalmin sama kowa ya gani, ya rataya masa lambar yabo, ya ɗora shi a kan kujerar manyan baƙi. Jama'a suka ɗau tafi, mai hoto ya matso ya ɗauki takalmi.

Sannan tsohon ya juyo ya ce, "To kai kuma me kake jira? Akwai saura a gaisuwar?"

Gogan ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "A'a Baba. In an gama da shi ne a ba ni in raka shi gida, unguwarmu ɗaya."