Alhaji Sharafaddeen Ya Saki Ganye

Duk Illela babu wanda ya kai Alhaji Sharafaddeen sanin cikin ɗan Adam. Dillalin shanu ne a kara, bai taɓa zama ajin likitanci ba, amma Allah Ya hore masa babbar waya, a cikinta kuma ya sauke karatunsa kaf cikin yini biyu. Wani Bature mai faɗin ƙirji ya gani yana yagar tsoka yana bayani. Alhaji ba ya jin Turanci, amma ya fahimci komai: nama shi ne abincin mutum, duk abin da ya tsiro daga ƙasa na dabbobi ne.

Ranar da ilimin ya kammala, ya tara iyalinsa ya soke tuwo. Ya soke miyar kuka, ya soke fura. Albasar da mahaifinsa ya shekara arba'in yana nomawa a Tozai, wadda da ita aka gina gidan da Alhajin ke zaune, ya ce guba ce mai riguna bakwai. Matarsa Hajiya Zubaida ta tambaya ko dokar ta hau kan yara. Ya ce a bar su cikin duhu tukuna, ba kowace ƙwaƙwalwa ke ɗaukar wannan ilimi ba. Ta yi godiya, ta koma ta ɗora miyarta.

Abokan sana'a suka laƙaba masa Zakin Kara. Bai ji zolayar ba, ya sa aka rubuta sunan a bayan motarsa. Kullum da hantsi yakan zauna a rumfar dillalai, ya baje babbar riga, ya buɗe makaranta.

"Jama'a, ku yi tunani. Wa yat taɓa ganin zaki shina tsinkar zogale? Saniya ta ci haki, ta tace shi, ta maishe shi nama. An gama aiki. Mi za ya sa ni, da girmana, in koma in yi aikin saniya?"

Wani ya nuna goron da ke bakinsa. Alhaji ya ce goro ba tsiro ba ne, al'ada ce. Yajin tsire kuwa ado ne. Shayi ma ya same shi da uzuri, tunda ganyen ana tace shi a zubar.

Almajiri ɗaya tak ya samu a wannan fanni, Maharazu tela, mutum siriri mai saurin yarda da duk wanda ya fi shi ƙiba. Maharazu ya bar furar da ta raine shi, ya koma balangu safe da yamma, abin da ɗinki ya kawo duk ya tafi wurin mahauci, 'ya'yansa na kallo.

A mako na shida cikin Alhaji ya rufe iyaka. Kaya na shiga, babu abin da ke fita. Yakan ɗauki buta da ƙasaita ya shige bayi, ya daɗe, ya fito da jajayen idanu ba labari. Dasashinsa ya soma jini. Bakinsa ya ɗauki wani tashi da ya sa masu sayen shanu ke yin ciniki daga nesa, shi kuwa ya bayyana musu cewa kwarjini ne.

Da aka kwana takwas a haka, ya tsallaka Ƙonni inda ba a san shi sosai ba, ya shiga wani ƙaramin asibiti. Likita ya tambaye shi abin da yake ci. Alhaji ya gyara zama ya yi masa darasin zaki tun daga farko. Likitan ya saurara har ƙarshe, ya latsa cikin ya ji shi kamar ganga, sannan ya ce naman ba laifi, amma a haɗa da zogale, da rama, da gwanda, da ruwa mai yawa, tun kafin abin ya kai ga wuƙa. Alhaji ya tambaya ko akwai zogalen a allura. Aka ce babu.

A hanyar dawowa ya zarce Amarawa, ya tsaya nesa da wata dattijuwa mai kwaɗo, Inna Mahbuba, ya yafito ta. Ya ce ragonsa ne ba lafiya, an ce a ba shi ganye. Ta tambaya ko ragon na son ƙuli-ƙuli. Ya ce a zuba da yawa. Ya ɗaga gilashin mota ya cinye, har da lasar leda. Kwana uku yana wannan jinya, a na ukun aka buɗe iyaka.

Ranar kasuwa ya dawo rumfa fes, fuska na sheƙi, ya ce jama'a su dube shi su ga aikin nama zalla. Maharazu na gefe, ya yi zuru-zuru, hannu dafe da mara. Cikin ladabi ya ce yau kwanansa shida, ko akwai abin da ya kuskure. Alhaji ya ce ƙarancin yaƙini ne, ya ƙara tsoka, ya daure.

Yana cikin wannan nasiha sai ga Inna Mahbuba da tirenta, ta zo cin kasuwa. Ta gane motar, ta gane mai ita. Ta ratso dillalai, ta durƙusa, ta ajiye ƙullin leda a gabansa.

"Alhaji, ya mai jiki? Ga na ragon nan na ware mai. Na rage tonka, tunda jiya ka ce ta ƙone mai baki."

Maharazu ya dubi ledar, ya dubi malaminsa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya matsa kusa da tiren a hankali.

"Inna, zuba min irin na ragon."