Rasuwar Ireng, Babur Mai Dakon Dankali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kodayake tun ranar Talata ban ji tana jin komai ba, ni Wagiyo na ƙauyen da ke kan dutse a saman garin Wonosobo nake sanar da 'yan uwa da abokan kasuwa rasuwar babur ɗina, Ireng. Ya rasu a kan aikinsa, da buhunan dankali a bayansa.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa tambayar nauyin kaya ba. Da asuba yakan yi tari, kuf, kuf, sannan ya kama tatatata, maƙwabta su san lokacin salla ya yi. Shi ya kai matata asibiti ranar haihuwa, shi ya kawo likkafanin mahaifina. Ya bar hular kwano mai tsagewa, da igiyar roba, da gida mai baki biyar wanda a bayansa yake ci.

Ciwon ajalinsa ya fara ne daga birkin gaba. In na matsa sai in ji laushi kamar dafaffen rogo. Na kai shi wurin Mas Kuat bakanike, ya ce iska ce ta shiga tiyo. Ina matsawa yana kwance noti, ya ɗaure in saki, har kumfa ya daina fita. Ya cika man birki a 'yar kwalbar da ke kan hannun babur, birki ya yi tauri. Bayan 'yan makonni laushin ya dawo. Muka sake. Ya sake dawowa.

Ranar Talata, a gangaren kasuwa, birkin ya yi zafi. Na matsa, ƙarfen birkin ya taho har ya taɓa yatsuna, babu komai a cikinsa. Na faɗa gonar kabeji. Ireng ya wuce shi kaɗai, ya sauka rami. Ƙararsa ta ƙarshe ba ta da yawa, gum ɗaya ce.

Mas Kuat ne ya yi wa gawar bincike. Ya buɗe 'yar kwalbar, ya tsamo wani abu fari da tsinke.

"Wagiyo, babur ɗin naka shayi yake sha? Wannan ai furen melati ne, irin wanda ake sa wa shayi. Rabin abin nan ruwa ne, ɗan banza. Ruwa in ya yi zafi tafasa yake, da tururi kake taka birki!"

Na san furen. Duk Juma'ar Kliwon, wadda ke zagayowa bayan kwana talatin da biyar, mahaifiyata, Mbok Sarinem, takan wanke Ireng da ruwan furanni da aka tofa wa addu'a, kamar yadda ake yi wa kowane abin hawa a unguwarmu. Ta ji ina kukan birki, ta ga inda Mas Kuat yake zuba mai. A ganinta wanka na mai lafiya ne, marar lafiya sai ya sha. Da bakin wuƙar yankan albasa take kwance murfin kwalbar, ta ɗura masa.

Da aka kawo ni gida da hannu a ɗaure, ta riƙe fuskata.

"Le, ɗana, ka ga amfanin ruwan nan? Da ban riƙa ba shi ba, da kai za a ciro daga ramin."

Na ce, "Haka ne, Mbok."

Shekarunta sun haura saba'in, ni kaɗai na rage mata. In ta san gaskiya, ba na jin za ta kai damina. Har yanzu ban yi fushi ba, ban yi kuka ba. Ina cin abinci in an ajiye.

Za a yi jana'iza ranar Litinin bayan azahar, lokacin da mai sayen ƙarafa zai zo da sikeli. Ana karɓar gaisuwa a gida, akwai shayi da soyayyen rogo. Ana roƙon masu zuwa, musamman Mas Kuat, kada kowa ya ambaci birki a gaban tsohuwa. Wanda aka tambaya ya ce kwana ne ya ƙare.

Surukina Tukijan zai kawo nasa babur a ranar, aro, don in koma dako. Mbok ta ce a ajiye shi a ƙofar ɗakinta, ta riga ta jiƙa furanni.