Sallama Uku a Ƙofar Masu Hawan Dutse

"...lahiya lau, sai godiya. Ina gajiyar zama, maigida? Ko har yanzu ba a amsa ma ba?"

"Gajiya ta bi lafiya, tsohuwa. Ki bar ni in ji da abin da ya dame ni."

Daidai nan na shigo gidan da wayata a hannu. Ni ne Jibo, maƙwabcinsu ta bayan danga. Farantin hasken rana na gidan Haboba Hadizatu, wato kaka Hadizatu, shi kaɗai ya rage a layinmu, saboda haka kullum da hantsi nakan zo in sa caji, in sha jabana, wato gahawarmu ta nan, in saurari abin da ba a gayyace ni in ji ba. Ƙauyenmu yana kusa da garin Suki a nan Sudan, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. In ka cire hasumiyar masallaci, babu abin da ya fi gefen tur'a tsawo, wato babban magudanar da ke kai ruwa gonakinmu.

A da gidan nan mutum goma sha bakwai yake ci, ko sallamarka ba a ji don hayaniya. Tun da ƙasa ta rikice aka watse, wasu Gadarif, wasu Bur Sudan, wasu har Masar. Haboba ta ce ba inda za ta, tafiyar da ta yi a duniya ta ishe ta. Sai aka bar mata jikanta Osman, wanda karatunsa a Wad Madani ya tsaya yana shekara ta uku. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka sunan ba ya hawa bakinta. Maigida take ce masa, shi kuwa ya ce tsohuwa ko amarya, gwargwadon yadda ta ɓata masa rai.

Osman yana ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba. Sa'o'insa duk sun bar garin. Yakan wuni bai yi magana da kowa ba in ba ita ba. Sai makon jiya na ga yana murmushi shi kaɗai, ashe wani zaure ya samu a waya, na masu sha'awar hawan duwatsu da doguwar tafiya da jaka a baya. Su ma a watse suke, ba mai hawan komai yanzu, tsofaffin hotuna kawai suke turawa suna tuna baya. Ya yi kwana biyu yana kallonsu, sannan ya yi ta maza ya rubuta sallama. Ba wanda ya amsa. Washegari ya sake, shiru. Yau da safe ya yi ta uku. Mu kuwa a nan kowa ya san ƙa'ida, in ka yi sallama uku a ƙofar mutane ba a amsa ba, sai ka juya. Ya ce da azahar zai fice daga zauren.

Haboba tana zaune kan angarib, gadon nan na saƙar igiya, a ƙarƙashin rumfa, tana soya ƙwayar gahawa a kasko. Ta dube shi a kaikaice.

"Su nawa na cikin gidan nan da sunka hana ma shiga?"

"Ba gida ba ne, ya haboba. Zaure ne. Mutum ɗari huɗu da wani abu."

"Ɗari huɗu, duka kurame? A'a. Leƙowa sunka yi ta kahwar danga sunka ga ƙahwahunka. Wa ka ɗaukar mai ƙahwa kamar muciya zuwa bisa dutse?"

"Ƙafar da kika gani kika mace a kanta, kika ƙi duk tsofaffin garin nan."

"Tausai na, ba so ba. Hwaɗa min gaskiya, mi kat taɓa hawa tun da anka haihe ka, ban da wanga angarib?"

"Na hau jami'a."

"Ka sauko kuwa ba ka kai ƙarshe ba."

Wannan ta ɗan taɓa shi, na gani a fuskarsa. Ita ma ta gani, sai ta yi maza ta tura masa finjalin farko, wanda ni ya kamata a ba a matsayina na baƙo. Na dai lura.

Ta ce ya karanta mata abin da sauran baƙin suka faɗa har aka karɓe su. Ya karanta yana juya Larabcin zuwa Hausa. Ashe akwai saƙo a manne can sama: duk sabon shiga ya faɗi sunansa, da inda yake, da tafiya mafi tsawo da ya taɓa yi a ƙafa, da abin da ke cikin jakarsa. Wani likita ya ce ya kwana uku a kan dutsen Jabal Marra. Wata ta ce jakarta tana da aljihu goma sha ɗaya da tanti mai naɗewa. Wani ya jera sunayen duwatsu har na ƙasashen da ban san da su ba. Kowa ya gama sai a yi ta yi masa marhabin.

"To kai mi ya hana ka hwaɗi naka?"

"Ke kika koya min. Kin ce baƙo ba ya fara zuba tun daga ƙofa. Sai an amsa, an ba shi ruwa, an tambaye shi."

"Ni nic ce haka?"

"Da muciya a hannu kika faɗa."

"To na ce. Amma ban ce ka mutu bakin ƙohwa ba."

"Kuma me zan faɗa? Sunana Osman, tafiyata mafi tsawo daga nan zuwa kasuwar Suki, a jakata akwai albasa da maganin ciwon gwiwar matata?"

Haboba ta ajiye kasko. Ta gyara zama irin na wanda zai yi ƙarya mai tsawo.

"Kauce. Ashe ni aka nema cikin wanga zaure, ba kai ba. Likitan nan da yak kwana uku bisa Jabal Marra, ni da turmi bisa kai nih hau shi."

"Bara kin ce tukunya ce."

"Tukunyar tana cikin turmin."

"A mota aka kawo ki, an faɗa min. A bayan lori, tsakanin buhunan gyaɗa, kina kuka."

"Lori? Lokacin ko uwar lori ba a haiha ba. Daga ƙasar Sakkwato da ƙahwata nit taho. Kura ta gan ni ta kauce, ta ce ranki shi daɗe."

"Kurar ta ga haƙoranki biyu ne ta ɗauka 'yar'uwarta ce."

"Lokacin talatin da biyu gare ni, duka hware. Zama da raggon miji yaz zubar da su."

"Halas, shi ke nan, na sake ki. Zan samo mai jaka mai aljihu goma sha ɗaya."

"Ka sake ni jiya, ka sake ni shekaranjiya, da maraice ka zo kana neman kisra ka ci. Tashi ka jawo min abin da ke ƙarƙashin gadon ɗaki."

Ya tashi yana gunaguni. Ya dawo da wani tsohon burgami na fatar akuya, ya bushe ya yi baƙi, da sanda mai kan ƙarfe wadda hannu ya goge ta har tana sheƙi. Shekara arba'in ina shiga gidan nan ban taɓa ganinsu ba. Shi ma Osman tsayawa ya yi yana juya su.

Daga nan muryarta ta sauka, ta bar ƙarya. Ta ce na babanta ne. Tana da shekara shida suka fito da niyyar Makka, ita da shi da innarta. Sukan yi tafiya wata biyu, su tsaya su yi noman ƙodago damina guda, su ƙara gaba. Abin da ke cikin burgamin bai wuce garin gero da kuka da daddawa da allura da ƙoƙo ɗaya ba. Kowace yamma in aka sauke kaya, innarta takan kama ƙafafunta ta matsa, ta ce mata sannu da hanya. A gindin dutsen nan da likita ya kwana uku zazzaɓi ya kama innar, a nan suka binne ta, suka wuce. Ta iso nan, bakin kogin da ke ba tur'armu ruwa, tana da shekara tara. Baban ya tsaya tsinkar auduga don ya huta shekara guda, shekarar ta zama talatin, har ya rasu bai yarda a zazzage burgamin ba, wai su matafiya ne.

"Ban hau dutsen ba," in ji ta. "Ta gindinai munka bi. Amma kada ka hwaɗa ma likita."

Osman bai yi dariya ba. Ni ma na rasa inda zan sa idona, sai na duba cajin wayata.

"Kawo wayar in yi musu magana," ta ce.

"Da wane yare? Larabci ake yi a ciki."

"Larabcina na sayen gishiri na. Da Hausa za ni yi."

Osman bai miƙa wayar ba. Na san abin da ke ransa, domin 'ya'yana ma haka suke. A Wad Madani ba kowa ya san Osman yana jin Hausa ba, a ƙofar jami'a yake ajiye ta kamar takalmi. Haboba ba ta yi karatu ba, amma ta san wannan sarai.

"In kunyar matarka kaka ji, hwaɗi. In koma ɗaki."

Ya dube ta, ya dubi sandar. Sannan ya matso, ya durƙusa gaban angarib, ya danna ya riƙe mata wayar kusa da baki.

"Salamu alaikum, mutanen dutse. Wagga ita ta ta huɗu, ukun mijina ya yi ba ku amsa ba. Ni Hadizatu, daga wajen Suki. Tahiyata shekara uku ta, da ƙahwa. Jakata aljihu guda gare ta. Wanga da ar riƙe da waya jikana na, ba ni iya hwaɗin sunanai, ku karanta da kanku. Bai taɓa hawan komi ba, raggo na. Amma duka gidanmu sun tahi, shi yaz zamna da ni. Ba shi da abokin hira sai tsohuwa. Ku amsa mai sallama."

Ya saki yatsa, saƙon ya tsaya yana juyi. A rumfar nan shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta kai ta ɗauki murya, sai an hau gefen tur'a.

"Ga dutsenka can," in ji Haboba. "Ɗauki sandar kada ka hwaɗo."

Ya ɗauka kuwa. Muna hangensa ta saman danga, ya hau tudun da bai fi tsayin mutum biyu ba, ya ɗaga waya sama, ba kowa a filin sai shi da balbelu. Haboba ta sake ɗora ruwa. Ta ce min, ba tare da ta dube ni ba, in ba su amsa ba ita ta jawo masa, ta sa an yi masa dariya. Na ce za su amsa. Ban san ko za su amsa ba.

An kira azahar bai sauko ba. Sai da aka idar muka ga ya taho da sauri, yana dogara sandar kamar wanda ya saba.

Ya ce mai kula da zauren ya ba da haƙuri, wai da suka ga sallama tsirara sau uku ba wani bayani, sun ɗauka irin masu tallan nan ne. Likita ya nemi a fassara masa. Kafin Osman ya fara, wata Ruqaya daga Kasala, mai jakar nan mai aljihu goma sha ɗaya, ta riga shi, ta juya maganar Haboba duka zuwa Larabci. Shekararta biyu a zauren ba wanda ya san tana jin Hausa. Bayan ita wasu uku masu jin Hausa suka fito. Sannan Ruqaya ta aiko da murya.

Ya kunna. Hausarta a karye take, tana tuntuɓe a kowace kalma.

"Osman, wa alaikas salam, wa alaikas salam, wa alaikas salam. Ka shigo. Haboba Hadizatu... kakata ma da ƙafa ta zo. Ta rasu ban tambaye ta komai ba. Haboba, sannu da hanya."

Haboba ba ta motsa ba. Ruwan jabana ya tafasa ya zube a garwashi, ba wanda ya kula. Can ta kai gefen mayafinta ga ido, ta ce hayaƙi ne.

"Shekara saba'in da wani abu ban ji wagga kalma ba," ta ce. "Da munka iso, daga ina kuke kawai anka tambaye mu."

Osman ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar angarib. Ya yi 'yar dariya.

"Na yarda, amarya. Kin fi ni ƙafa. Na mayar da ke."

"Wa yac ce ina son komawa?" Ta tura masa sandar da ƙafa. "Riƙe. In ƙasa ta lahwa ka tai ka hau dutsen nan na likita, ka duba min gindinai wajen hwaɗuwar rana. Amma ba yau nic ce ba. Burgamin kuwa nan shika zama, don ka dawo."

Ya ɗora sandar a cinya, ya fara rubuta sunansa a zauren. Ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗarsa.

"Dakata, maigida. Sake kunna min yarinyar nan tukuna."