Na'urar Korar Biri da Taɓaryar Inna

Da na dawo Doguwa daga kwaleji, na zo da wata leda siririya kamar ɓawon albasa, wadda in ta girgiza take ba da 'yar wutar lantarki. Birai sun addabi masarar Baba ta bayan gida, sai na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, kimiyya ta iso."

Na zagaye gonar da waya, na manna mata ledar, na haɗa da jiniya. Biri na taɓa waya, leda za ta yi rawa, jiniya ta ɗauka. Har Mai Unguwa na gayyato, na yi masa bayani ina gyaran murya. Ƙarshen wayar kuwa na ɗaure shi tamau a dirkar rumfar da Inna ke daka.

Washegari da hantsi jiniya ta ɗauka. Maza suka fito da sanduna, ba biri. Sau uku ana haka, Mai Unguwa har da yar da takalmi. A na huɗu Inna ta leƙo.

"Kai, zo ka gani."

Ta buga taɓarya a turmi, jiniya ta amsa. Ta ƙara, ta sake amsawa.

Na sauya wa wayar maɗauri, bana mun ci masararmu, har maƙwabta na so in haɗa musu. Amma har gobe, mata na fara daka sai wani ya ƙwala mini kira: "Injiniya, yi maza, ga birinka can yana surfe!"