Famfon Hajja Delu da Lambobinsa Uku

"...lafiya lau, sai gajiyar ganin fuskarka," in ji Hajja Delu, tun jikanta bai gama durƙusawa ba.

A shagona aka yi wannan gaisuwa, nan Zinder, inda nake gyaran kayan sola. Ruwan da ya ci lambunan ƙauyen Droum bana ya shiga akwatunan famfo biyar na ƙungiyar manoma, irin waɗanda ake kunnawa da salula. Na gyara huɗu, na wanke musu ƙwaƙwalwa, ɗaya kuwa ya mutu murus. Duk kamarsu ɗaya, laka ta cinye takardun da ke manne a jikinsu, 'yan ƙungiya kuma suka yanke cewa mataccen na tsohuwa ne, don ita ce ba ta da miji a taron. Ga shi ta riga ta dasa shu, wato kabeji, da albasa, kwana uku ba su ga ruwa ba. Shi ya sa ta aika aka kira jikan nata Inusa, wanda ya haɗa famfon tun kakansa na da rai.

"Amarya," in ji shi, "na ji famfonki ya riga ki lahira. Ya je share miki wuri."

"Kai zan fara aikawa, mai wuyan zalɓe. Famfona na nan da ransa, ga shaida."

Ta kwance bakin zane, ta miƙo mini takarda da ta sha ninki har ta yi laushi. Na gwada lambar da ke ciki a akwatuna huɗun nan, ba ta dace da ko ɗaya ba. Sai na ga tsohuwa ta yi sanyi, ni ma wallahi ta ba ni tausayi. Inusa kuwa, ɗan banza, dariya ya yi.

"Wannan ai lambar na'ura ce, Amarya. Duk sanda aka wanke mata ƙwaƙwalwa sai ta ɗauki sabuwa. Kamar ke, gidanku Delu, gidan miji Amarya, kin je Makka kin dawo Hajja, gobe haƙora su ƙare a ce Wawulo."

"Haƙorana sun fi gashin kanka yawa. To, na'urar ba ta da lamba ta gaskiya?"

Ya ce akwai ta biyu, ta akwatin ce gaba ɗaya, don a cikinsa na'ura biyu ke zaune, mai kunna famfo da mai auna ruwa, kamar lambar ƙofar gida. Ita ce laka ta tafi da ita, ba wanda ya taɓa kwafe ta. Hajja ta ce to me aka tura shi lakwal, makarantar boko, ya koyo in ba cin gyaɗa ba.

"Saura ta uku, ita ba ta canzawa. A yi wa na'urar magana ta rezo, wato layin salula, ko ta wifi, ko ta bulutut, ita ce dai. Kamar tsagar fuskarki. Ko da Barbarci aka kira ki ko da Faransanci, wannan zanen kajin yana nan."

"Tsagata ce ta sa kakanka ya bar 'yan matan Birni kaf. Ina lambar?"

"Tana cikin salulata. Amma famfuna da yawa na haɗa, sai kin faɗi sunan mai shi in nemo."

Nan na gane muguntarsa. Sunan kakan aka ba shi, Hajja kuwa shekara hamsin ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, yana da rai ko bayan ya rasu. Ta ce Malam. Ya ce malamai sun cika Damagaram. Ta ce uban yara. Ya ce ko bunsuru uban yara ne.

"Nemo sunan mummunan da ke tsaye gabana," in ji ta. "Aro ya yi, kuma bai yi masa kyau ba."

Ya nemo, ya karanto, ni kuma ina dubawa. Akwatin farko ba shi ba ne, na biyu ma haka. A na uku lamba ta zauna daram, harafi ko ɗaya bai kauce ba, ga koren fitilarsa tana ƙiftawa.

Hajja ta ɗora tafin hannu a kan akwatin.

"Ashe bai manta da mai shi ba," ta ce a hankali.

Inusa ya sunkuyar da kai. Ita ce ta fara dariya, ta ɓare goro, ta cusa masa rabi a hannu.

"Na yarda, angona, ka ci. Kan shu na farko naka ne, dama girmanku ɗaya. Ɗauko shi mu tafi, albasar Malam na jin ƙishirwa."